Furotin mai hana sankara yana nan, amma ba a cikin nukiliyas ba: wa ya taɓa gani?

Ɗalibar digiri na biyu: Salamu alaikum. Ina aiki kan p27, wani furotin mai hana sankara, a samfurin sankarar nono. Na rina siraran yankan nama da rinin da ke nuna inda furotin ɗin yake, ya fito sosai, amma launin duk ya taru a saitoplazim, wato sashen ƙwayar halitta da ke kewaye da cibiyarta, nukiliyas kuwa, wato cibiyar, fayau. Matsalar rini ce, ko wani ya taɓa cin karo da haka?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Fara duba lafiyayyen naman da ke gefen ƙarin. In can launin na cikin nukiliyas, to rininki lafiya lau. Na sha ganin haka a p27. A nukiliyas ne yake danne CDK2, furotin da ke tura ƙwaya ta rabu, ya hana ƙwaya rabuwa. Da zarar wani furotin mai suna Akt ya liƙa masa sinadarin fosfet a wani gurbi na jikinsa da ake kira T157, sai ƙofar shiga nukiliyas ta rufe masa. An nuna wannan a sankarar nono tun 2002. Abin da ya fi damuna, a waje ba zaman banza yake ba. Yana riƙe RhoA, furotin da ke sarrafa motsin ƙwaya, ƙwayar ta sami damar yawo. Mai gadi ne ya koma yi wa ɓarawo jagora.

Likita mai duba nama: Ni a p53, wani furotin mai hana sankara shi ma, na fi haɗuwa da irin wannan, a sankarar ƙwan mace mai saurin yaɗuwa. Yawanci ko nukiliyas ya rinu ƙwarai, ko babu launi sam. Jefi-jefi sai ka ga launin a saitoplazim, saboda maye gurbi, wato sauyi a ƙwayar gado, ya lalata alamar da ke kai furotin ɗin ciki. Wannan ma, a rahotona, a matsayin marar kyau nake rubuta shi. Shi ya sa nake roƙon ɗalibaina, kada su rubuta "akwai" su tsaya nan. Su faɗi inda yake.

Ɗalibin digiri na uku: Gaskiya ne, Dakta. A ƙwayoyin da nake renawa na sa sinadarin leptomycin B, mai toshe XPO1, furotin da ke fitar da su p53 da FOXO3a (shi ma mai hana sankara) daga nukiliyas. Cikin 'yan sa'o'i launin ya taru a nukiliyas, na ga abin da idona. Ta wannan hanyar maganin selinexor ke aiki, wanda Amurka ta amince da shi a 2019 don sankarar ɓargo ta miyeloma. Sai dai a kula: ba kowane p53 na waje ba ne ya ɓata. Wani kan nufi mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, ya kama Bcl-xL, furotin da ke hana ƙwaya mutuwa, ya sa ƙwayar da ta lalace ta mutu. Ni ina haɗa rinin da na mitokondiriya kafin in yanke hukunci.