Atisayen ko-ta-kwana a Sakkwato: wa zai riƙe jaka, wa zai busa usur?

Mai Zaure: Jama'a, barkanmu da dare. Maganar da Baba Saje ya jefo bayan Magariba ta nutse cikin barka da suna, shi ya sa na sake tsamo ta. Cewa ya yi idan ana son atisayen shirin ko-ta-kwana na gaskiya a Sakkwato, na ambaliya ko gobara ko haɗari, a miƙa wa soja kuɗin da ragamar baki ɗaya, farar hula su zo su bi umarni. Bisimilla. A yi da ladabi, kuma don Allah ban da saƙon murya mai minti tara.

Baba Saje: Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Ba a fafe gora ranar tafiya, soja kuwa kullum cikin fafe gora yake, aikinsa ke nan. Ga hedikwatar Runduna ta 8 a garin nan, ga barikin Giginya. Motoci, injiniyoyi, likitoci, rediyon oba-oba, duk suna da su, kuma idan aka ce ƙarfe shida to ƙarfe shida ne. A 2010 da ruwa ya cinye gadar hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo, wa ya zo ya kafa ta wucin gadi? Ku ba ni amsa.

Na-Goronyo: Baba, ranka shi daɗe, gadar soja mun gan ta, Allah shi saka musu. Amma kahin ta zo, wa ya riƙa ƙetarar da mutane? Masu kwale-kwale na. Jirgin da ya kihe da mutane sama da 50 kan hanyar kasuwar Goronyo cikin Agustan 2025, waɗanda sunka hwara hwaɗawa ruwa masunta na da yaran Sarkin Ruwa. Wanda ya nutse mintoci ad da shi. Kahin mota ta taso daga birni, abin da za ya hwaru ya hwaru. Duk atisayen da anka shirya babu mutanen ga, ni ban ga amhwaninai ba.

Baba Saje: Ɗana, ai hujjata ka ƙarfafa. Da soja ne ya horar da masuntan nan, ya jera su, ya ba kowa aikinsa, da an ceci fiye da haka.

Na-Goronyo: Baba, soja za ya koya ma Sarkin Ruwa gulbin Rima?

Akanta: Baba Saje, da girmanka, doka ba ta tare da kai. Dokar da ta kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, a 1999 ita ta ɗora mata haɗa kan masu agajin gaggawa, jihohi kuma suna da tasu hukumar, wato SEMA, ƙananan hukumomi su kafa nasu kwamitocin. Soja yana da rukunonin kai ɗauki a tsarin, amma kiransa ake yi ya shigo. Sashe na 217 na kundin tsarin mulki ma, inda ya yi maganar soja cikin al'amuran cikin gida, taimaka wa hukumomin farar hula ya ce.

Sai maganar jaka, wadda ita ce fannina. Soja na gwamnatin tarayya ne. Idan jiha ta ɗauki kuɗinta ta kai bariki, wa zai bi sawunsu? Mai binciken kuɗi na jiha ba shi da hurumin buɗe littafin runduna, majalisar dokokin jiha ba za ta kira kwamanda ya zo ya yi bayanin rasit ba. Ban ce za a ci ba. Cewa na yi ko an ci ko ba a ci ba, babu mai iya nuna mana. Abin da ya fi tsabta, kowa ya ɗauki nauyin nasa: soja ya zuba mansa da alawus ɗin yaransa daga kasafinsa, jiha ta biya 'yan kwana-kwana da asibitoci da 'yan agaji, NEMA ta kawo masu sa ido.

Baba Saje: Jaka uku, shugaba uku. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kai har uku ka kawo.

Anti Nas: Ku bari in ba ku labarin atisayen da na taɓa shiga, a wani asibiti da na yi aiki. An sanar da mu tun da saura mako biyu. Aka share harabar, aka yi wa motar ɗaukar marasa lafiya wanka, aka ɗauko ɗalibai aka shafa musu jan fenti suka kwanta a ƙasa. Babban baƙo bai iso ba sai bayan Azahar, "waɗanda suka ji rauni" suna ta tashi suna sayen ruwan leda suna komawa su kwanta. Da ya iso aka kunna jiniya, minti ashirin an gama, aka yi hoto, aka raba shinkafa. Babu wanda ya tambayi jini leda nawa ke ma'ajiya. Babu wanda ya kashe wuta ya ga ko janareta zai tashi. Rahoton kuwa har na bar wurin ban gan shi ba.

To Baba, soja ma yana wurin ran nan, sun yi kyau cikin kaki. Matsalar ba rashin soja ba ce. An shirya abin ne don a burge baƙo, ba don a gano inda ɗaki ke yoyo ba. Ni in da hali, ƙarfe biyun dare za a buga waya ba sanarwa, a ce mota ta kife da mutum talatin, a riƙe agogo a gani. Kuma a ƙofar asibiti likita ne ke cewa wannan a shiga da shi tiyata, wancan ya jira. Janar ma a nan ɗan kallo ne.

Ɗan Agaji: Anti, ba sanarwa fa? A Sakkwaton yau? Mutane su farka su ji jiniya, su ga motocin soja na gudu cikin dare. Kafin Asuba an yaɗa a Facebook cewa ɓarayin daji sun shigo gari, wata ta ɗauki goyo ta fita da gudu, wani ya faɗa rami. Sai atisaye ya haifar da abin da aka zo hanawa.

Anti Nas: To a sanar da mako, a ɓoye rana da sa'a. A faɗa a Rediyon Rima, limamai su faɗa ranar Juma'a, masu unguwanni su faɗa. Ma'aikata kaɗai nake so a shammata.

Ɗan Agaji: Wannan na yarda. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi. A gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, mutumin ƙauye da aka gani yana jera kafaɗa da soja, ko da gadon ɗaukar majinyaci suke riƙe, gobe ana iya cewa shi ke kai rahoto. Soja zai koma bariki, shi kuwa nan zai kwana. Ba ko'ina ne haɗin gwiwa ke nufin a tsaya wuri ɗaya a yi hoto ba. Wani wurin a horar da mutanen gari daban, soja daban, waya ce kawai za ta haɗa su.

Malam Mai Lakca: Baba Saje, zan ɗan taɓa gidanku, a gafarce ni. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai ya yi bindiga a barikin Ikeja, a Legas. Sama da mutum 1,000 suka rasu, kuma akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, gudu suka yi cikin ruɗani suka auka magudanar ruwa ta Oke-Afa. Mutanen da ke kewaye da barikin ba su san ina za su nufa ba, babu wanda ya taɓa nuna musu. Wato wani lokacin haɗarin daga cikin bariki yake fitowa. Wa zai gwada shirin soja idan soja ne ɗalibi, shi ne kuma mai gyaran takarda?

Akwai misali a kusa da mu. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ita ce kowane babban filin jirgi ya yi cikakken atisayen haɗari aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana cikin masu wannan nauyi. Mai filin ke shiryawa, sauran hukumomi su shigo. A Japan kuma 1 ga Satumba ranar atisaye ce duk shekara, don tunawa da girgizar ƙasar 1923, sojojinsu na fitowa amma hukumomin farar hula ke jan gaba.

Baba Saje: Ikeja gaskiya ce, ba na musunta ta, ranar baƙin ciki ce gare mu. Amma Malam, Japan ka kawo mini? Can idan an ware kuɗi suna fita.

Akanta: A nan kam ka taɓo inda ke ciwo. Kasafi daban, sakin kuɗi daban. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ta biyo da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Atisayen ambaliya a watan Mayu ko Yuni ya kamata a yi shi, kafin Rima ta cika, kafin a fara maganar buɗe ƙofofin dam ɗin Goronyo. A wata ma'aikata da na zauna, na ga takardar neman kuɗin shirin damina da aka sa wa hannu bayan an gama girbin gero. Ga asusun magance matsalolin muhalli da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu, ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da guda 23. Ba sai kowacce ta yi ba, a fara da na bakin gulbi.

Hajiya Mai Atamfa: 'Ya'yana, ni duk ban gane wa wasan nan ba. Da Babbar Kasuwa ta kama wuta a Janairun 2021, atisaye ne ya yi mana ƙaranci ko ruwa da hanyar da mota za ta bi? Kuɗin fenti da shinkafar da Anti ta faɗa, a haƙa mana rijiyar burtsatse da tanki a kasuwa, a sayi rigunan ruwa a ba mutanen Na-Goronyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malam Mai Lakca: Hajiya, ai atisayen kirki shi zai nuna cewa motar kwana-kwana ba ta iya shiga layinku saboda rumfuna sun cinye hanya. Kuma ba dole ya yi tsada ba. A tara mutum goma sha biyar a ɗaki ɗaya da taswira, a ce musu ruwa ya shanye gada ƙarfe uku na dare, kai me za ka yi, wa za ka kira? Kuɗin shayi kawai.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, wannan ai tun yaushe muka sani. Sani ne ya yi mana kaɗan?

Akanta: Hajiya ta kama mu. Shi ya sa nake ganin duk naira da aka ware, kaso mafi tsoka a ajiye shi don gyara abin da atisayen ya tona, kuma kada a saki kuɗin na baɗi sai an kafe rahoton na bana inda kowa zai karanta.

Baba Saje: To na sassauta rabi. Ku riƙe jakarku, tunda kun ce lissafi. Amma usur ɗin ku bar wa soja. Ranar da ruwa ya zo, ba kwamiti ake so ba, murya ɗaya ake so.

Anti Nas: Muryar wa, Baba? A bakin gulbi ta Sarkin Ruwa, a wajen wuta ta shugaban 'yan kwana-kwana, a asibiti ta likita. Soja ya riƙe hanya, ya kawo gada da manyan motoci.

Baba Saje: Idan ukun nan suka nemi mota ɗaya a lokaci ɗaya fa, 'yata? Wa zai raba?

Akanta: A takarda, SEMA.

Baba Saje: A takarda.

Na-Goronyo: Ni tambaya guda ag gare ni kahin caji shi ƙare. Cikin ku masu sanin ofisoshi, wa za ya duba muna ko lambar Sarkin Ruwanmu na cikin jerin waɗanda a ka kira in abu ya hwaru? In babu, in turo ta gobe.

Ɗan Agaji: Turo mini ta gefe, kada ka sa ta a zaure. Ranar Litinin zan shiga gari.