Tambaya: yaya ake fitar da tsayin tirafiziyam idan ba a bayar da shi ba?

Assalamu alaikum, malaman lissafi. Ina neman taimako kan girman filin wata tirafiziyam, wato siffa mai gefe huɗu. Gefuna biyun da ke tafiya a jere, ba sa haɗuwa, su ne santimita 20 da 6. Na karkacen kuma 13 da 15. Ba a faɗi tsayi ba.

Ƙa'idar a fili take: a haɗa 20 da 6, a raba biyu, a samu 13, sannan a ninka da tsayi. Tsayin kuwa dole ya zama layin da ya sauka a miƙe kan gindi. Ɗaukar gefen karkace kuskure ne, domin 13 zai ba da 169, 15 kuma 195.

Na cire murabba'i mai dari a tsakiya, saura alwatika biyu da jimillar gindinsu 14, wato a cire 6 daga 20. Na raba 14 gida biyu, 7 da 7, na bi ƙa'idar Fitagoras: a ninka gefen karkace da kansa, a ninka gindi da kansa, a cire na biyun daga na farko, abin da ya rage shi ne tsayi da aka ninka da kansa. Ɓangare ɗaya ya ba da 120, ɗayan 176, ba su yi daidai ba, tunda gefunan karkacen ba tsawonsu ɗaya ba.

To, yaya za a kasa 14 ɗin? Ko a haɗe alwatikan biyu su zama ɗaya mai gefuna 13, 14 da 15, a nemo tsayi daga nan? Don Allah a nuna matakin dalla-dalla.