Neman kalma: me za mu kira "spoken word" da Hausa?

Malamin Ƙauye: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka. Ranar Alhamis muke bikin ƙarshen zango a makarantarmu, sakandaren je-ka-ka-dawo ce a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. 'Yan mata biyu za su gabatar da abin nan da ake kira spoken word. Da Hausa suka rubuta, ɗaya a kan tallar yara, ɗaya a kan ambaliyar da ke cinye mana gonaki. Gobe da safe zan shiga Ringim in kai takardar tsarin biki a buga, kuma shugaban makaranta ya ce kada ya ga Turanci a ciki, tunda dagaci da iyaye ne manyan baƙi. Me zan rubuta?

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam. Waƙar baka mana, Malam. Ba da baki ake yi ba?

Malama Uwar Ɗalibai: Wannan gurbin da mai shi. Duk yaron da ya yi Hausa a aji uku ya san waƙar baka ita ce ta makaɗa, da kalangu ko kotso da 'yan amshi, kishiyar rubutacciyar waƙa. In ka sa haka, dagaci zai zauna yana jiran a shigo da ganga.

Ɗan Gumel: To rubutacciyar waƙa ke nan, ai sun rubuta.

Malama Uwar Ɗalibai: Nan ma da gyara, ƙanena. Tamu rubutacciya tana da karinta, tana da baiti, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, ga amsa-amo a ƙarshen ɗango. Kuma ko an rubuta ta, rera ta ake yi, tun zamanin su Nana Asma'u. Wannan kuwa ba a rerawa, nan ne duk bambancin yake. Magana ce ake yi, amma magana mai awo: inda za ta ja numfashi, inda za ta yi shiru har mutane su ƙagu, inda za ta yi sauri kalmomi su riƙa bin juna, inda za ta maimaita jimla ɗaya sau uku kowanne da wata murya. In ka karanta a takarda sai ka ga kamar ba komai, rabin aikin yana bakin mai yi da idonta. Ni ina ganin "furtacciyar waƙa". Ta zauna daidai da rubutacciya, yaro na ji zai gane 'yan gida ɗaya ne.

Sarkin Ƙira: Doguwa ce, Malama. Gaɓa shida! Wa zai tsaya faɗar wannan? Hausa na son a dunƙule. Ni tuni na ƙera mata suna: WAƘAZANCE. Waƙa da zance, an haɗe. Mai yi kuma bawaƙazance, jam'i waƙazantawa. Ga aikatau ma a shirye: ta waƙazanta.

Baba Mai Ritaya: Ikon Allah. Wai yau kirari ne ake nema wa suna. Yaro, je ka filin dambe bayan girbi ka ga ɗan dambe ya ɗaga hannu yana faɗar kansa. Rerawa yake yi? Maharba fa? Sanƙira da ke gaban makaɗi yana zuba magana fa? Abin da kakanninmu suka yi suka gaji shi ne aka kai Amurka aka sa masa riga, ya dawo kuna rawar jiki. Ka rubuta "kirari", ka huta.

'Yar Jami'a: Allah ya ƙara girma Baba, akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. Kirari kai kake yabo, ko ubangidanka, ko ka razana abokin karawa, kuma yawancinsa gado ne, ana haddacewa. Yarinyar da za ta tsaya ta ce an cire ƙanwarta daga aji an ɗora mata farantin talla, wa take yi wa kirari? Sannan shi wannan salon yana da tarihinsa. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe suna yi, gasarsa kuma wani ma'aikacin gini ne, Marc Smith, ya faro ta a Shikago, ta zauna da gindinta a 1986. Minti 3 ake ba kowa, ba kiɗa, ba kayan wasa, kuma abin da ka rubuta da kanka za ka faɗa. Alƙalai daga cikin 'yan kallo ake tsamo su, su ba da maki daga 0 zuwa 10. In magana ta ratsa mutane ba sa tafi don kada su katse mai yi, yatsu suke bugawa ƙas-ƙas. A nan gida ma ga Alhanislam 'yar Borno, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa mai fafutukar zaman lafiya a 2025, da wannan fasahar aka san ta.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, duk wannan lissafin na ji. Minti 3 ne dai ba mu da shi.

Sarkin Ƙira: Shi ya sa na ce sabon abu sabon suna. Waƙazance. Ku faɗa sau uku ku ji yadda take zama a harshe.

Ɗan Gumel: Na faɗa sau uku, abin da na ji shi ne "wa ya ƙazance". Ka ba 'yan aji ɗaya wannan, kafin a tashi biki sun laƙaba wa yaran nan suna har gidan miji.

Sarkin Ƙira: Wannan ai hassada ce. Haka aka yi wa "yanar gizo" dariya da farko, yau ga shi kowa na faɗa. Matsalarmu ke nan, in Bature ya haɗa kalma biyu sai a ce ilimi, in Bahaushe ya haɗa sai a ce shirme.

Injiniya: Kowa na faɗa a ina? A rediyo dai. A kasuwa intanet ake cewa, ko ma a ce data. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" tana nan a littafi, yara na cewa kwamfuta. Ku tambayi 'yan matan nan me suke kiran abin tsakaninsu, na rantse "sifokin" za su ce. A bar shi haka. Mota da tebur da makaranta duk aro ne, ba wanda ya mutu.

Baba Mai Ritaya: Makaranta ba aro ba ce, Injiniya, daga karanta take. Ka tsaya a kan injinka.

Sarkin Ƙira: Ka ji irinta. Masu cewa a ara ba su ma san nasu ba. Larabawa suna da majalisun harshe, Faransa na da tata, mu kuwa sai wanda ya riga kai bakinsa makirfo. Kuma in kalma ba daga Jami'ar Bayero ko Zariya ta fito ba, ba ta da daraja, ko da ta fi tasu.

'Yar Jami'a: Yallaɓai ba wanda ya kawo zancen jami'a sai kai. Malama ce ta kawo tata, kuma a ƙauye take koyarwa.

Basakkwace: Ku dai Kanawa kun saba, ku yanke ku ce ita ce daidaitacciyar Hausa. Mu ba a tambayarmu sai an gama.

Ɗan Gumel: Mu nan Jigawa ne, aboki, tun 1991 aka raba mu. Ka kai ƙararka Kano.

Malamin Ƙauye: Jama'a don Allah. Cajina ya kusa ƙarewa, kuma sai na hau tudun bayan makaranta nake samun sabis. Wani ya turo min "waƙar zube" ta gefe, me kuka gani?

Malama Uwar Ɗalibai: Tana da daɗi, amma zube a aji yana nufin rubutun da ba waƙa ba. Gara a ajiye ta wa waƙar da aka rubuta ba kari ba amsa-amo, wadda ake karantawa a shafi. Taka ta dandamali ce.

Liman Ƙarami: Malam, akwai abin da duk ba ku duba ba. Takardar nan hannun iyaye za ta. Uba a ƙauye ya ga an rubuta 'yarsa budurwa za ta yi "waƙa" a gaban maza, ba zai tsaya tambayar furtacciya ce ko rerarriya ba, hana ta fitowa zai yi. Mutanenmu sun daɗe suna raba waƙa da waƙe. Waƙe shi ne na malamai, na wa'azi da faɗakarwa, ba mai jin kunyarsa. Abin da yaran nan za su faɗa kuwa faɗakarwa ce. Ka sa "furtaccen waƙe".

Malama Uwar Ɗalibai: Allah ya gafarta Malam, wannan ta fi tawa dacewa da wurin. Sai dai ba kowane spoken word ne wa'azi ba, akwai na soyayya, akwai na zagin gwamnati, akwai na barkwanci. A aji ni dai furtacciyar waƙa zan ci gaba da cewa.

Baba Mai Ritaya: Kirari ne. Amma tunda takarda ce ta kwana ɗaya, ku sa abin da Liman ya ce.

Malamin Ƙauye: Na gode ƙwarai. Na rubuta "Furtaccen waƙe daga ɗalibai mata". Saura mai yi, me za a kira ta? Mai gabatarwa zai buƙata.

Sarkin Ƙira: Da kun karɓi tawa da tuni kuna da bawaƙazanciya. Yanzu sai ku nemo da kanku. Ni dai zan ci gaba da amfani da ita a shafina, lokaci zai nuna.

'Yar Jami'a: Ya kira sunanta kawai, Malam. A can ma haka ake yi.

Ɗan Gumel: Ka dai tsaya a kan mai bugawa ya sa ƙ mai lanƙwasa. Yawancinsu ba su da ita a kwamfuta, kada dagaci ya karanta cewa ɗalibai mata za su kawo wake.