Neman kalmar Hausa: me za mu kira "hustle" a wasan besbol?

Jama'a ku taimaka min, tun jiya nake juya kalmar nan a kaina. Ba hosilin da muka sani na buga-bugar neman na abinci nake nufi ba, wanda 'yan besbol na Amurka ke faɗa nake nufi, kuma labarin ɗan wasan besbol Manny Machado ne ya jawo ni.

Ga yadda abin yake. In ka bugi ƙwallo ta gangara a ƙasa ta nufi hannun abokin hamayya, kai ka sani shi ma ya sani kafin ka cinye ƙafa 90 ɗin nan zuwa tasha ta farko an riga an jefa ƙwallon an fitar da kai, amma duk da haka so ake ka zuba gudu iya ƙarfinka ko Allah zai sa ta suɓuce masa. Wannan gudun da kusan ba riba a cikinsa shi suke kira hustle.

A Oktoban 2018 Machado yana ƙungiyar Dodgers suna karawa da Milwaukee Brewers, ya bugi irin wannan ƙwallo ya tafi sannu-sannu abinsa. Da ɗan jarida Ken Rosenthal ya tambaye shi sai ya ce shi fa ba "Johnny Hustle" ba ne, wato mai zuba irin wannan gudun a kullum, ba halinsa ba ne. Kuma saura 'yan makonni kwantiraginsa ya ƙare ya shiga kasuwa! Har mai ƙungiyar Yankees, Hal Steinbrenner, ya fito ya ce kalaman sun dame shi.

Wani ɗan'uwa ya ce min a sa ƙwazo. Gaskiya ban yarda ba, mutumin da ya buga wasa 162 cif a 2015 ya sake buga 162 a 2018, wato adadin wasannin kaka guda cur, ta ina za ka ce ba shi da ƙwazo? Zafin nama kuma halitta ce, wani an haife shi da ita wani babu, shi kuwa wannan abu ko mai nauyin jiki zai iya yi in ya ga dama. Himma ta kusa, wallahi ta kusa sosai, sai dai himma a zuci take, wannan kuma abu ne da ɗan kallo ke gani da idonsa cikin daƙiƙa huɗu ko biyar ya yanke maka hukunci.

Sai na juya abin ta baya, me aka zargi Machado da shi? Son jiki. Shi ke nan fa, kamar ɗan ƙodagon da ya iya noma sarai amma in ya ga mai gona ya juya baya sai ya sassauta. To in kishiyar son jiki ce, ni na fi karkata ga zage damtse. "Ya zage damtse zuwa tasha ta farko", "ba ya zage damtse in ya ga ba ci", duk sun zauna a baki.

Maganar kasuwa kuwa, surutun ya yi yawa amma kuɗin bai gudu ba. Ya daɗe bai samu ƙungiya ba har Fabrairun 2019, Yankees ba su ɗauke shi ba, White Sox sun taya dala miliyan 250 na shekara 8, San Diego Padres suka ba shi miliyan 300 na shekara 10 yana ɗan shekara 26. Ni a ganina tambarin son jiki ya rage masa masu tayi, farashin ne bai taɓa ba sosai.

Abin da ya rage min shi ne laƙabin. Marigayi Pete Rose, tsohon ɗan wasan besbol, an yi masa laƙabi da "Charlie Hustle", in zage damtse muka tsayar ya za mu kira mutumin, Na-zage-damtse? Ya yi tsawo a baki, wanda ke da gajere dan Allah ya kawo.