Jinina ya hau: in bar ataya ko in koma sobolo?

Tela na Nima:
Assalamu alaikum. Shekaruna 52, kuma makon jiya aka auna jinina sau biyu aka samu 158 bisa 98. Likita ya rubuta mini magani, sannan ya tambaye ni abin da nake sha a yini. Da na lissafa masa, ni kaina na ji kunya: koko da sukari da asuba, shayi mai madarar gwangwani da hantsi, lemun kwalba bayan azahar, da daddare kuma ataya, wato koren shayi mai kauri da sukari, zagaye uku a bes ɗinmu, wato inda muke zaman hira. Giya kam ban taɓa kai ta bakina ba. Shin in daina ataya gaba ɗaya, ko in ci gaba da ita ba sukari, ko in musanya ta da sobolo, wato zoɓo? Shekara 20 ke nan ina zaman bes ɗin nan, barinsa ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ɗan Hamburg:
Yaya, Allah ya ba ka lafiya. Abin da ya kamata ka fara bari shi ne giya, ko da yake Turawan da muke aiki da su suna cewa jan ruwan inabi ne ya kare zuciyar mutanen Faransa duk da cuku da man shanun da suke ci.

Nas a Mamobi:
Ƙanena, bawan Allah ya ce bai taɓa shan giya ba. Maganar Faransa kuma tsohon zance ne na shekarun 1990, kuma a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin giya da ba ya cutar da lafiya. Malam Tela, ni sukarin ne ya fi ba ni tsoro, ba ganyen shayin ba. Hukumar ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato ƙananan cokula 12, in ya tsaya a 25 ya fi, alhali gwangwanin lemu guda yana ɗauke da kusan giram 35. Mutanen Sin da Japan suna shan koren ganyen nan kullum ba sukari. Mu ne muka karɓo shi ta hannun mutanen Senegal da Mali muna zuba masa sukari har ya yi kauri don kumfa ta tsaya.

Hajiya Sabon Zongo:
Ku bar ni in ba ku labarin yayana, Allah ya sassauta masa. Shi ma an rubuta masa magani, ya sha wata biyu, sai wani mai talla a cikin mota ya sayar masa da ruwan ɗaci a kwalba, ya rantse masa cewa da shi da sobolo sun wadatar. Ya ajiye ƙwayoyin a kan taga har rana ta canza launin kwalin. Wata safiya yana ɗaure da zanen wanka, buta a hannunsa, sai butar ta faɗi, bakinsa ya karkace, muna kiransa yana kallonmu bai iya amsawa ba. Yau shekara uku ɓarin jikinsa na dama a shanye yake, ni ce nake ba shi koko da cokali, kuma abokan da suka riƙa zuga shi ko leƙowa ba sa yi. Don haka duk wanda ya ambaci sobolo a gabana, raina ɓaci yake yi.

Malamin Makaranta:
Hajiya, Allah ya ba ki lada, amma laifin ba na sobolo ba ne, na barin magani ne. An gwada sobolo a jami'ar Tufts ta Amurka: kofi uku a rana har mako shida ya sauke lambar farko ta awon jini da kimanin 7. Daga 158 a cire 7, har yanzu ana sama da 140.

Hajiya Sabon Zongo:
Malam, kai a takarda ka karanta, ni a gida nake jinya. Wa ya fi cancanta a saurara?

Nas a Mamobi:
A saurari likitan da ya auna shi, Hajiya. Kuma sobolon da ake ƙullawa a leda a kasuwar Nima shi ma ana zuba masa sukari sosai. Malam Tela ya sayi na'urar awon hawan jini, ya auna kafin ataya da kuma bayan rabin awa, domin sinadarin da ke hana barci a cikin shayi yana ɗaga jinin wasu na ɗan lokaci fiye da na wasu. Ana samun na'urar a sidi 300.

Baba Direba:
Sidi 300 a wace kasuwa, 'yata? Ni 550 na sayi tawa watan jiya.

Ɗan Hamburg:
Baba, an ga rawaninka ne aka ƙara kuɗi. Ataya ba sukari kuwa, ina tsoron kada 'yan bes su ɗauka yaya yana zaman makoki ne.

Tela na Nima:
Na gode muku. Maganin ina sha, ban ajiye ba. Daren jiya na roƙi yaron da ke dafa mana ya zuba mini nawa kafin ya sa sukari, sai ya ce kumfa ba za ta tashi ba, manya kuma suka ce na fara girman kai. Har yanzu ba a amsa mini ba: zagaye ɗaya ya halatta ko a'a?

Baba Direba:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bikin suna. Tun da gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abin sha mai zaƙi a 2023 kuɗin lemu ya tashi, amma har yau in ka je suna ka ce ruwa kawai kake so, sai uwar gida ta ce ka raina hidimarta. Asabar da ta wuce kwalba biyu aka dire mini a gaba, mai gidan yana tsaye a kaina sai na buɗe.

Hajiya Sabon Zongo:
Kai kwalba biyu ce, Baba. Masu zuwa duba yayana katan guda na lemu suke kawo masa, kuma ban san yadda zan mayar musu da shi ba.