Offiah ko Boston: wa ya fi a gefen fili?

Baban Amira: Jama'a, ni dai ina nan kan bakata. A zari-ruga mai 'yan wasa 13, Birtaniya ba ta taɓa yin ɗan wasan gefe kamar Martin Offiah ba. Sau 501 ya dangwala ƙwallo a bayan layi. A 1992 ƙungiyar Wigan ta saye shi daga Widnes kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan wani ɗan wasan zari-ruga ba a lokacin. A shekarar kuma ya ci Leeds sau 10 a wasa ɗaya. Ga shi ɗan gida ne, a Landan aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne.

Malam Ɗanjuma: Baban Amira, kar zumunci ya rufe maka ido. Idan lissafi kake so, Billy Boston ya dangwala sau 571, kuma 478 daga ciki a rigar Wigan ɗin nan ya yi su. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne abin da mutum ya yi wa ƙasarsa. Boston yana cikin tawagar Birtaniya da ta ɗauki Kofin Duniya a 1960. Offiah fa? Ya buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1992, Ostireliya ta ci 10-6. Ya sake bugawa da rigar Ingila a 1995, Ostireliya ta sake cin su 16-8. Duka a Wembley, a gaban mutanensa.

Yaya Hadiza: Malam, da girmanka, wannan hukuncin bai yi adalci ba. Ɗan gefe ba ya ƙirƙirar ƙwallo, jira yake a miƙo masa. Idan 'yan gaba sun sha kashi a tsakiyar fili, sai ya wuni a bakin layi hannu wayam. Ostireliyar da Offiah ya tarar kuwa ta su kyaftin Mal Meninga ce, wadda tun bayan 1970 Birtaniya ba ta sake ƙwace kofin Ashes, wanda ƙasashen biyu ke karawa a kai, daga hannunta ba. Duk da haka a wasa 33 da ya yi wa Birtaniya ya dangwala sau 26, har da biyar da ya zuba wa Faransa a rana ɗaya a 1991. Me kuma ake so ya yi?

Malam Ɗanjuma: Ƙanwata, ana so ya tare abokin gaba. Boston ƙato ne, idan ya taho sai ya bi ta kan mutum, idan kuma shi ke tsaro ba a wuce shi da sauƙi. Offiah gudu ne jarinsa, tsaronsa kuwa tun yana wasa ake ƙorafi a kai.

Baban Amira: Na yarda ba gwanin tsaro ba ne. Amma Malam, don Allah ka sake kallon wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyi ta Challenge Cup na 1994, tsakanin Wigan da Leeds. Ya karɓi ƙwallo dab da layin gidansu, ya ratsa ta tsakiyar 'yan Leeds, sai Alan Tait, mai tsaron bayansu, kaɗai ya rage a gabansa. Ya karkata ciki kamar can zai bi, Tait ya ɗan tsaya, shi kuwa ya fice ta waje har kusurwa. Sai ya durƙusa ya dafe kai. Ba gudu kaɗai ba ne wannan, sanin inda ƙafar abokin hamayya za ta sauka ne.

Auwal: Yayyena, ina Brian Bevan da ya dangwala sau 796?

Yaya Hadiza: Auwal, Bevan ɗan Ostireliya ne, a ƙungiyar Warrington ta Ingila kawai ya yi suna. Maganar 'yan Birtaniya muke.

Malam Ɗanjuma: To a ƙara wannan a ma'auni. Boston, ɗan Cardiff, shi ne baƙar fata na farko da ya bi tawagar Birtaniya rangadin Ostireliya, a 1954, zamanin da wariyar launi take a fili. Sai a 2025 aka ba shi sarautar Sir, na farko da ya same ta saboda wannan wasa. Hanyar da Offiah ya bi, Boston ne ya share ta.

Baban Amira: Wannan ba na musu a kai, Malam, girmansa ya wuce nan. Amma tambayar da na yi ta cikin fili ce. Idan saura minti biyu, ana binmu maki huɗu, ƙwallo kuma tana can bakin layinmu, hannun Offiah zan saka ta.