Sun ce gwajin jinina na TB ya nuna, alhali ko tari ba na yi

Sadiq_Fagge: Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni. Na zo Amurka karatu, makaranta suka ce sai an ɗebi jinina an yi gwajin tarin fuka (TB), wai QuantiFERON. Sakamako ya fito ya nuna ina da shi, aka turo ni hoton ƙirji kuma fes, babu komai, amma duk da haka likita na cewa in sha magani wata 3. Ni wlh ko tari ba na yi, ban rame ba. Ba allurar rigakafin TB ɗin nan, BCG, da aka mana muna jarirai ba ce ta ruɗe su?

MamanIlham: Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi shekaru a ɗakin awo. Wanda BCG ke ruɗawa shi ne tsohon gwajin fata, Mantoux, wanda ake tsira maka a hannu ka dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna kumburin. Shi na jini daban ne, ana haɗa jininka da wasu sinadarai biyu, ESAT-6 da CFP-10, waɗanda ƙwayar TB ke da su amma babu su a cikin BCG, in garkuwar jikinka ta taɓa haɗuwa da ƙwayar sai ta yi martani. Toh ka ga tabon kafaɗarka ba ruwansa. Abin da ake nufi ƙwayar na nan kwance tana barci, ba ka da ciwo kuma ba ka sa wa kowa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, a ciki kamar 5 zuwa 10 cikin ɗari ne take tashi musu.

Habu_Maradi: To in barci take a ƙyale ta mana Hajiya, me ya kai mutum tsokanar abin da ke kwance?

MamanIlham: Malam Habu ai matsalar ba ka san ranar da za ta farka ba, ciwon suga ko HIV ko wani magani mai rage garkuwa ya isa. Su can Amurka cutar ta yi ƙaranci, yawancin masu ita tsohuwar ƙwaya ce ta tashi, shi ya sa suke farautarta tun tana kwance. Mu a Najeriya fama muke da masu tarin ma ba a gama gano su ba, ƙarfin ya fi tafiya kan gwajin kaki da na'urar GeneXpert, ga na jinin da tsada, ga shi dole ya shiga na'urar ɗumi cikin awa 16, a ƙauye da wace wutar? Shi ya sa yaro ƙasa da shekara 5 da ke gida ɗaya da mai TB, in an duba ba shi da ciwon, ana ba shi maganin kariya ko ba gwajin.

Ummi_K: Yaya Sadiq na sha maganin bara, sau ɗaya a sati har sati 12. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, kar ka tsorata. Amma in idonka ya yi ɗorawa ko amai ya dame ka, tsaya ka kira likita, hanta ce.

Sadiq_Fagge: Na gode Anti. Yanzu na tuna kawuna da muka kwana ɗaki ɗaya da shi yana ta tari, ashe. Ranar Litinin zan koma in karɓa.